Yadda Ake Shuka Ƙananan Iri a Gida Ba Tare da An Yi Asararsu Ba

Wanda ya saba shuka wake ko masara, ranar da ya fara buɗe ƙunshin irin latas ko seleri (wani kayan lambu mai ƙamshi da ake cin karansa da ganyensa) sai ya ɗan yi turus. Zai leƙa cikin takardar ya ga wani abu kamar ƙura ya maƙale a lungu, har ya fara zargin ko an cuce shi. Ba wanda ya cuce shi. Giram ɗaya na irin latas yakan ɗauki ƙwaya 800 zuwa 1,000, na seleri ya kai wajen 2,500, na taba da na furen fituniya kuwa ana maganar kusan 10,000. Irin furen begoniya ya kere su duka, don giram ɗaya yakan haura ƙwaya 30,000. Ɗan abin da ya manne a kan yatsarka ya isa ya cika lambu.

Abu ɗaya ya kamata ka riƙe tun farko, domin sauran bayanin duk a kansa ya rataya: kowace ƙwayar iri da guzurinta take zuwa, kuma da wannan guzurin za ta rayu har ganyenta ya ga haske ya fara haɗa mata abinci. Ƙwayar wake guzurinta mai yawa ne, ko an binne ta da zurfin yatsa za ta yunƙuro ta fito. Ƙwayar seleri kuwa guzurinta bai taka kara ya karya ba. Ka binne ta da zurfi, abincinta ya ƙare a hanya. Ka bar ta ta bushe na rabin yini bayan ta fara tsagewa, ta mutu. Ka kwara mata ruwa, ya share ta zuwa gefe. Yawancin irin da ake cewa "bai da kyau" lafiyarsa ƙalau, hannun mai shuka ne ya yi masa nauyi.

Fara da gwada irin

In irin ya kwana biyu a ajiye, kada ka ɓata ƙasa da lokaci a kansa sai ka gwada. Ɗauki ƙwaya 10, ka jera su a kan takardar tishu mai danshi, ka ninke, ka sa cikin leda mai haske, ka ajiye a wuri mai ɗan ɗumi. Kullum ka duba. In 8 sun tsiro, irinka na da rai. In 4 ko 5 ne, za ka iya shukawa amma ka ƙara yawa. In biyu ne kawai, haƙura ka nemi sabo. Sai dai ka ba kowane iri lokacinsa: latas yakan nuna kansa cikin kwana 3 zuwa 7, seleri kuwa yana iya kai mako biyu ko uku yana kwance kamar matacce. Irin albasa na cikin masu saurin mutuwa a ajiye, da ya shekara sai a yi masa kallon tuhuma.

Mazubi da ƙasa

Mazubi ba ya buƙatar tsada. Duk wani abu mai zurfin santimita 5 zuwa 7 ya isa, muddin ka huda masa ƙofofi a gindi don ruwa ya riƙa tsiyayewa. In tsohon mazubi ne da aka taɓa shuka a ciki, ka wanke shi da sabulu, ka jiƙa shi minti goma cikin ruwan bilic da aka sirka, kashi ɗaya bilic kashi tara ruwa, sannan ka ɗauraye sosai. Wannan ɗan wankin da mutane ke rainawa shi ne ke raba tsiro da cutar da zan yi maganarta nan gaba.

Ƙasa ce wurin da ya fi cancantar ka ɓata lokaci. Ƙasar lambu kai tsaye ba ta dace ba: tana da nauyi, tana daskarewa ta yi ɓawo in ta sha ruwa ta bushe, ga irin ciyawa a ciki wanda zai riga naka fitowa ka kasa bambance su. Abin da ake so shi ne ƙasa mai laushi, marar nauyi, mai riƙe danshi ba tare da ta zama taɓo ba. In ka samu haɗin renon iri da ake sayarwa, wanda akan yi da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa da bamikulait ko falait (wasu 'yan duwatsu marasa nauyi da ke sa ƙasa ta yi sako-sako), to madalla. In kuma da kanka za ka haɗa, ka ɗauki takin da ya ruɓe sarai har ya koma baƙar ƙasa ba ya wari, ka haɗa da yashi mai laushi da aka wanke, ka tankaɗe su da rariya. Ɗan dunƙulen da kake gani ba komai ba ne, a wajen ƙwayar fituniya dutse ne babba. Kada ka sa ɗanyen kashin dabba, kada kuma ka sa takin zamani a wannan matakin. Gishirinsa yana ƙona saiwar da ba ta fi silin gashi ba.

Haɗin da ka yi da hannunka yana da kyau ka gasa shi ko ka turara shi. Ka ɗan jiƙa, ka rufe, ka bar zafinsa ya kai wajen digiri 80 na tsawon minti 30, sannan ya huce sarai. Warin ba daɗi, na gaya maka tun yanzu, amma yana kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta.

Ka jiƙa ƙasar tun kafin ka shuka, ba bayan ka shuka ba. Zuba ta a roba, ka riƙa yayyafa ruwa kana cuɗawa har ta kai yadda in ka damƙa za ta dunƙule, amma ruwa ba zai zubo ba sai ɗigo ɗaya ko biyu. Cika mazubin, ka bar kamar santimita ɗaya daga baki, ka buga gindinsa a ƙasa sau biyu don ta zauna, sannan ka sa wani abu mai faɗi, kamar gindin kofi ko guntun katako, ka danna saman a hankali ya kwanta sumul. Ba daɓe ake so ba. Manufa ita ce kada a bar ramuka da tsagogin da ƙwaya za ta gangara ciki ta ɓace.

Yadda hannu zai sarrafa abin da ido bai cika gani ba

Kafin ka buɗe ƙunshin, kashe fanka, ka rufe taga, ka goge hannunka ya bushe ƙarau. Na taɓa buɗe irin fituniya a ƙarƙashin fanka tana gudu, kafin in ankara rabinsa ya bi iska, wata guda bayan nan sai ga fituniya tana fitowa a tukunyar wani fure da ke can gefe. Shimfiɗa farar takarda a kan tebur ka yi aikinka a kanta, duk abin da ya zube za ka gan shi. Ka ɗan ƙwanƙwasa ƙunshin irin ya taru a ƙasa kafin ka yanke bakinsa da almakashi. Kada ka juye irin a cikin roba, don ƙananan ƙwayoyi na mannewa a jikinta su ƙi fita. Faranti na tangaran fari ya fi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta ninkakkiyar takarda. Samu takarda mai ɗan kauri, ka ninke ta biyu ta yi kwari, ka zuba iri kaɗan a cikin kwarin. Karkata bakinta kusa da ƙasa, ka riƙa ɗan bugun bayan takardar da yatsa ko fensir. Za ka ga ƙwayoyin sun jeru suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya kamar tururuwa a hanya. Hannu na tafiya, yatsa na bugu. Da ka tsaya wuri ɗaya sai su taru.

Irin da ya yi ƙanƙanta har ba ka iya bin sa da ido, kamar begoniya ko taba, sai a sirka shi da yashi. Ɗauki busasshen yashi mai laushi, cokalin shayi ɗaya ko biyu, ka zuba ɗan irin a ciki, ka gauraya sosai, sannan ka barbaɗa kamar mai barbaɗa gishiri. Amfanin yashin biyu ne: yana raba ƙwayoyin, kuma da yake launinsa ya fi na ƙasar haske, kana ganin inda ka bi da inda ka tsallake. Barbaɗa rabi daga hagu zuwa dama, ragowar daga sama zuwa ƙasa. Yashin dole ya bushe sarai, in da danshi a jikinsa irin zai dunƙule wuri guda, aikin ya zama na banza.

Ni dai hanyar da na fi so ita ce ta tsinke, duk da cewa ta fi cin lokaci. Watsa ƙwayoyin a farin faranti, ka jiƙa bakin tsinken sakace da ruwa, ka taɓa ƙwaya ɗaya. Za ta manne. Kai ta inda kake so, ka taɓa ƙasa, danshin ƙasar zai karɓe ta. In mazubinka mai gida-gida ne, ka sa biyu ko uku a kowane gida. Wahalar minti goma a nan tana rage maka wahalar awa guda ta raba tsiron da suka sarƙe daga baya. Ga irin da ya yi tsada ko ƙwayoyinsa ƙidayayyu ne, babu wata hanya da ta kai wannan.

Akwai kuma irin da kamfanoni ke lulluɓewa da wani abu mai kama da yumɓu, ya zama ɗan ƙwallo fari ko rawaya mai sauƙin ɗauka. Yana da daɗin shuka, amma yana da sharaɗi. Lulluɓin sai ya jiƙe sosai ya narke kafin ƙwayar ta samu fita, kuma in ya jiƙe ya sake bushewa yana iya taurarewa ya kulle ta a ciki. Bayan ka ajiye shi sai ka fesa masa ruwa har ka ga lulluɓin ya fara sakin jiki. Irin wannan ba ya jure ajiya, ka shuka shi a shekarar da ka saya.

Ko wace hanya ka bi, ka shuka ƙasa da abin da zuciyarka ke raya maka. Ido zai ce maka bai isa ba. Ya isa. Tazarar rabin santimita zuwa santimita ɗaya tsakanin ƙwaya da ƙwaya ita ake nema.

A rufe ko kada a rufe?

Ƙa'idar da masu lambu suka daɗe da ita ita ce a binne iri da zurfin da bai wuce kaurinsa sau biyu ko uku ba. Auna wannan da ƙwayar da ba ta kai milimita ɗaya ba, za ka ga kusan babu binnewa ke nan. Saboda haka begoniya, fituniya, taba da seleri a sama ake barin su. Abin da kawai za ka yi shi ne ka sa busasshen gindin kofi ka danna su a hankali su haɗu da ƙasa, sannan ka duba gindin kofin ko wasu sun manne. Latas da ɗoɗɗoya da alayyafo za a iya yi musu ɗan lulluɓi sama-sama da tankaɗaɗɗiyar ƙasa ko bamikulait, yadda har kana iya hango wasu.

Ba ƙarancin guzuri kaɗai ne dalili ba. Da yawa daga cikin ƙananan iri ba sa tashi sai sun ga haske. A shekarar 1952 wasu masana na ma'aikatar gona ta Amurka, cikinsu da Harry Borthwick da Sterling Hendricks, sun yi gwaji da irin latas suka gano abin mamaki: in aka haska masa jan haske sai ya tsiro, in aka biyo da wani jan da ke can ƙarshen abin da ido ke iya gani sai ya fasa, in aka sake haska na farkon sai ya koma kan niyyarsa. Duk hasken da ya zo ƙarshe shi ke da hukunci. Daga baya aka gano sinadarin da ke wannan aikin aka sa masa suna faitokurom. Da shi ƙwaya ke gane ko tana kusa da sarari, ko tana binne, ko kuma ganyen wani tsiro ya yi mata inuwa. Mai ɗan guzuri ba ta yarda ta fito sai ta tabbata hanya gajera ce. Don haka in an rubuta a ƙunshi cewa irin na son haske, ba ado aka yi ba.

Rubuta sunan abin da ka shuka da kwanan wata a jikin mazubin nan take. Ƙananan tsiro duk kamarsu ɗaya a makon farko.

Ban ruwa

A nan aka fi yin ɓarna. Kada ka kuskura ka zuba ruwa daga sama da kofi ko buta. Ko dai ka yi feshi mai laushi kamar hazo, kana riƙe da kwalbar nesa kaɗan, ko kuma, wanda ya fi, ka shayar daga ƙasa. Zuba ruwa a faffaɗan tire kamar zurfin santimita biyu, ka ɗora mazubin a ciki. Ƙasa za ta ja ruwan da kanta ta ƙofofin gindi. Da ka ga saman ya yi duhu yana ɗan sheƙi, cire shi ya tsiyaye. Kada ka bar shi ya kwana a ruwa, saiwa ma tana numfashi.

Daga nan ka rufe bakin mazubin da leda mai haske ko gilashi don danshin ya zauna. Ajiye shi a wuri mai haske amma inda rana ba ta dukansa kai tsaye. Rufaffen mazubi a tsakar rana tukunya ce, cikin awa ɗaya zai dafa maka irin. Kowace safiya ka ɗaga rufin, ka kakkaɓe raɓar da ta taru, iska ta shiga na ɗan lokaci, ka mayar.

Yawancin iri sun fi son zafin digiri 18 zuwa 24. Latas da seleri masu son sanyi ne: latas in zafin ƙasa ya doshi digiri 30 yakan yi likimo ya ƙi fitowa sai an samu sauƙi. In lokacin zafi ne, ka shuka shi da yamma ka ajiye a wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Alayyafo da ɗoɗɗoya kuwa ɗumi suke so. Ka kuma sa ido a kan tururuwa, don irin da ke sama a buɗe ganima ce a wajenta, dare ɗaya ta kwashe. Ɗora mazubin a kan wani abu da ke tsaye cikin ruwa yana tare mata hanya.

Bayan sun fito

Da ka ga kore ya fara bayyana, ko da rabi ne suka fito, fara janye rufin: yau ka buɗe gefe, gobe ka ƙara, jibi ka cire gaba ɗaya. Yanzu haske suke buƙata mai yawa. Tsiron da bai samu haske ba yakan yi tsawo siriri, fari-fari, ya karkata wajen taga, daga ƙarshe ya kwanta. In a bakin taga suke, ka riƙa juya mazubin kullum. In da fitila kake reno, ka kusanto da ita, ka bar ta awa 14 zuwa 16 a rana.

Sai cutar da na ambata. Za ka kwanta ka bar tsironka tsaye cif, ka wayi gari ka tarar wasu sun faɗi, in ka duba gindin karan daidai inda ya haɗu da ƙasa sai ka ga ya tsuke ya yi ruwa-ruwa kamar an matse shi da farce. Wasu ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a ƙasa, irin su Fitiyum da Rizoktoniya, kuma abin da suke so shi ne ƙasa jiƙe sharkaf, cunkoso, da iskar da ba ta motsi. Wanda ya faɗi ba ya tashi. Cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi, ka rage ruwa, ka bar saman ƙasa ya ɗan sha iska tsakanin shayarwa da shayarwa, ka kai mazubin inda iska ke ɗan kaɗawa.

Rage cunkoso aiki ne mai sa tausayi, amma dole ne. Kada ka tumɓuke, don saiwoyinsu sun riƙe juna, ka ja ɗaya uku su biyo. Sa ƙaramin almakashi ka datse raunanan daga gindi, ka bar masu ƙarfi.

Ganyen farko guda biyu da ke fitowa na cikin ƙwaya ne. Jira sai ganyen gaskiya, mai kama da na uwar, ya fito ɗaya ko biyu kafin ka yi dashe. Shayar da su awa ɗaya kafin nan. Sa bakin fensir ko wutsiyar cokali ta ƙarƙashi ka ɗago, ka riƙe tsiron ta ganye, kada ka taɓa karan. Ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murje shi ke nan. Huda rami a sabon mazubi, ka saka, ka tura ƙasa a hankali, ka shayar, ka bar shi a inuwa kwana biyu. Begoniya da makamantanta da suka yi ƙanƙanta ainun, ɗebo su ake yi 'yan uku-uku ko huɗu-huɗu a dasa tare. Daga wannan lokacin za ka iya fara ba su takin ruwa da aka sirka ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da aka rubuta. Kafin su koma waje dindindin, ka saba musu da rana da iska sannu a hankali na kwana 7 zuwa 10, daga awa ɗaya a inuwa har zuwa yini guda.

Karas daban ne

Karas ba ya son dashe, don saiwar da za ka ci ita ce za ta lanƙwashe ko ta rabu biyu. A inda zai girma ake shuka shi, kuma yana iya kai mako biyu zuwa uku bai fito ba, duk tsawon lokacin nan kuwa ba a so saman ƙasa ya bushe. Dabara biyu na taimakawa. Ta farko, ka yanka takardar tishu dogaye, ka dama ɗan garin fulawa da ruwa ya yi kauri, ka ɗiga shi da tsinke a tazarar santimita 3 zuwa 5, ka ɗora ƙwaya a kan kowane ɗigo, ka bari ya bushe. Ranar shuka sai ka shimfiɗa takardar a layi, ka rufe da ƙasa kamar rabin santimita, ka yi feshi. Takardar za ta ruɓe, ƙwayoyin su tsaya inda ka sa su. Ta biyu, bayan ka shayar ka ɗora katako ko jiƙaƙƙen buhu a kan layin don ya tare rana. Daga kwana na biyar ka riƙa ɗagawa safe da yamma, da ka ga farin tsiro na farko ka ɗauke.

Irin da ya rage kuwa, ninke bakin takardarsa, ka rubuta shekara, ka sa a kwalba mai murfin da iska ba ta shiga, ka jefa 'yar jakar nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. Zafi da danshi su ne ke cinye ran iri, saboda haka ka nemi wuri mai sanyi da duhu, ko cikin firiji amma ba ɓangaren ƙanƙara ba. Ranar da ka fito da kwalbar daga firiji, kada ka buɗe ta nan take. Bar ta a kan tebur kamar awa ɗaya sanyin ya sake ta, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan irin, ka mayar da shi ajiya a jiƙe.